Rudolf Tobias da Waƙar da Ta Jira Shekara 80

In ka ce wa ɗan aji uku ya nuna maka Estoniya a taswira, zai daɗe yana yawo da yatsa kafin ya same ta. Ba laifinsa ba ne. Ƙaramar ƙasa ce can arewacin Turai, a bakin tekun Baltik, Rasha tana gabas da ita, Finlan kuwa tana tsallaken ruwa ta arewa. Girmanta kusan ɗaya ne da na Jihar Kaduna, mutanenta kuma wajen miliyan 1.3 ne kawai, watau birnin Kano shi kaɗai ya ninka su fiye da sau biyu. Daga wannan ƙasa ce mutumin da nake so in ba ku labarinsa bana ya fito. Sunansa Rudolf Tobias, makaɗin ogan a majami'a, mai tsara waƙoƙi, kuma malamin makaranta kamata, ko da yake tsakanina da shi akwai rata mai yawa.

Ta hanyar takardar kuɗi na san shi. Wani tsohon ɗalibinmu da ya yi karatu a Turai ne ya kawo mini ita tsaraba, don ya san ni nake kula da ƙungiyar mawaƙan makaranta. Takardar kroon 50 ce, irin kuɗin da Estoniya ta yi amfani da su kafin ta koma yuro a 2011, yanzu ko ashana ba ta saye. A jikinta akwai hoton Tobias, kusa da shi kuma hoton ogan na majami'ar garinsu. Mu dai mun fi sabawa da ganin shugabanni da manyan gwamnati a kan kuɗi, in ka cire Ladi Kwali mai ginin tukwane da ke bayan naira 20. Ƙasar da ta ɗauki mai kiɗan majami'a ta sa shi a kuɗinta, lalle tana da dalili. Neman wannan dalili ne ya cinye mini hutun ƙarshen shekara guda.

An haife shi ran 29 ga Mayu 1873 a ƙauyen Selja kusa da Käina, a tsibirin Hiiumaa. Wuri ne mai sanyi ƙwarai, har teku kan daskare a wasu shekarun, mutane su bi ta kansa su ƙetare zuwa babbar ƙasa. A lokacin babu wata ƙasa mai cin gashin kanta da ake kira Estoniya. Sarkin Rasha ne yake mulki, amma gonaki da manyan gidaje suna hannun Jamusawa waɗanda kakanninsu suka ci ƙasar da yaƙi tun ƙarni na 13. 'Yan ƙasa manoma ne, sai a 1816 da 1819 ne ma aka 'yanta su daga bautar gona. Yawancinsu 'yan ɗarikar Lutheran ne, irin ta 'yan'uwanmu na Numan, kuma tun 1739 suke da Littafi Mai Tsarki cikakke a harshensu. Namu na Hausa sai a 1932 ya fito.

A kowace ikilisiya akwai fasto, galibi Bajamushe ne mai ilimin jami'a, yana zaune a babban gida. Ƙarƙashinsa kuwa akwai wani ma'aikaci da suke kira köster, wanda sau da yawa ɗan ƙasa ne. Shi ne mai kaɗa ogan, shi ne mai bi da waƙa, shi ne mai koya wa yara karatu da katikisma, in fasto ba ya nan kuma shi ne mai riƙe sujada. Wannan shi ne aikin Johannes Tobias, mahaifin Rudolf. Bayan haka kuma yana da hannun sassaƙa, gama shi ya ƙera ogan na majami'ar Käina, wanda hotonsa yake a takardar kuɗin nan.

Da na karanta wannan sai na ga ai na san mutumin. Ubana mai bishara ne a wani ƙauye da ko na faɗi sunansa ba za ku sani ba. Shi ne mai buga ƙararrawa, wadda ba ƙararrawa ba ce, tsohon ƙarfen ƙafar mota ne a rataye jikin mangwaro. Shi ne mai koyar da karatu da yamma, mai ba da waƙa ran Lahadi, mai rubuta sunayen masu neman baftisma, mai zuwa gaida marasa lafiya. Fasto kan zo a babur sau ɗaya a wata uku domin Jibin Ubangiji, ya ci abinci a gidanmu, ya koma kafin duhu. Albashi kuwa, in dawa ta yi kyau a samu, in ba ta yi ba sai haƙuri. Ba a cika rubuta tarihin irin waɗannan mutane ba. Amma a Estoniya daga gidajensu ne kiɗan ƙasar ya taso. Johann Voldemar Jannsen, wanda ya shirya babban taron waƙa na farko a Tartu a 1869, inda maza fiye da 800 suka yi waƙa da busa, da aikin köster ya fara. Artur Kapp, wanda daga baya ya tsara babbar waƙa a kan Ayuba, ɗan köster ne. Miina Härma, wadda ta gama karatun ogan a 1890, 'yar malamin makarantar ƙauye ce. Na ambace ta musamman saboda 'yan matanmu da suke tsammani kibod na maza ne.

Tun da na ambaci kibod, bari in bambanta. Ku ɗalibai kun saba da wanda yake aiki da wuta, wanda in an ɗauke wuta a tsakiyar waƙa sai mu koma ga ganga da tafi. Ogan na ainihi wani abu ne dabam. Ku ɗauka an tara sarewa da algaita da kakaki ɗaruruwa, an jera su a tsaye, wasu ba su fi tsawon alli ba, wasu sun fi mutum biyu tsawo. Ana cika wani akwati da iska ta wurin zugazugi irin na maƙera, sai dai manya ne. In makaɗi ya danna maɓalli, sai wata 'yar ƙofa ta buɗe, iska ta shiga bututun da ya dace, ya yi kuka. Hannu biyu suna aiki a sama, ƙafafu biyu kuma suna taka wasu maɓallan na katako a ƙasa, su ne masu ba da murya mai kauri. Kafin zuwan lantarki dole a sami wani a baya yana zuga iska tun daga waƙar farko har ta ƙarshe. In ya yi gyangyaɗi, waƙa ta mutu a bakin jama'a. Yaron da ya tashi a gidan da ake ƙera irin wannan abu ya san kiɗa tun daga katako da fata, ba daga littafi kaɗai ba. Yana da shekara 9 ya fara gwada tsara nasa.

Ya yi makaranta a Haapsalu, inda ya koyi piyano, iyalinsa kuma suka ƙaura zuwa Kullamaa da mahaifinsa ya sami aiki a can. A 1889 ya tafi Tallinn, ya ci jarrabawar zama malami, yana kuma koyon ogan wurin makaɗin babbar majami'ar birnin. A 1893 ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Petersburg, babban birnin Rasha na wancan zamani. Louis Homilius ya koya masa ogan, tsara kiɗa kuwa wurin Nikolai Rimsky-Korsakov ya koya, ɗaya daga cikin manyan gwanayen Rasha. Ya gama a 1897 da takardar shaida a fanni biyun duka.

Tun yana ɗalibi ya fara yin abubuwan da babu ɗan Estoniya da ya taɓa yi. A 1896 ya tsara wani kiɗa na cikakken taron makaɗa, babu waƙa a ciki, a kan labarin Julius Caesar. 'Yan ajin adabi da suka sha fama da wannan wasa na Shakespeare sai su ji daɗi, ba su kaɗai ya hana barci ba. Wannan ne ake lissafawa kiɗa na farko irinsa da ɗan ƙasar ya rubuta. A 1897 ya yi wani na piyano tare da taron makaɗa, shi ma na farko. Aikinsa na gama makaranta kuwa doguwar waƙa ce a kan Yohanna na Dimashƙu, wani malamin ikilisiya na ƙarni na 8 wanda shi ma marubucin waƙoƙin sujada ne. Ko'ina ka duba tarihinsa sai ka ga an ce na farko, na farko. A kunne abin yabo ne. Amma wanda ya fara sharar gona a daji shi yake haɗuwa da kututture. Ya rubuta kiɗan da yake bukatar ƙwararrun makaɗa da yawa, alhali mutanensa ba su da su tukuna.

Daga 1898 zuwa 1904 shi ne makaɗin ogan da shugaban mawaƙa a majami'ar Yohanna ta Estoniyawa a Petersburg. Dubbansu ne suke zaune a birnin, sun je neman aiki da karatu, ran Lahadi kuma su taru su yi sujada da harshensu, kamar yadda namu sukan nemi sujadar Hausa in sun je Legas. Faston wannan ikilisiya har zuwa 1901 shi ne Jakob Hurt, kuma ina so ku riƙe sunansa. A 1888 Hurt ya yi kira ta jarida cewa mutane su shiga ƙauyuka su rubuta tsofaffin waƙoƙi da tatsuniyoyi da karin magana daga bakin tsofaffi, su aiko masa. Fiye da mutum 1,000 suka amsa, da yawansu malaman makarantun ƙauye ne, abin da aka tara kuwa ya wuce shafi 100,000. A cikin irin waɗannan mutane Tobias ya yi ƙuruciyar aikinsa, mutanen da suka gane cewa ƙaramar al'umma ba ta da rumbun da ya fi takarda.

A 1904 ya koma gida, ya zauna a Tartu, garin jami'a. Ya koyar da kiɗa a makarantu, ya koyar a gidaje, ya shirya tarurrukan waƙa, ya yi rubutu a jaridu. Ina iya kwatanta yadda ranakunsa suke, gama na san abin da ake nufi da koya wa yara do, re, mi bayan sun ci abincin rana. Ga iyali kuma sai an ciyar. Abin da yake ji a cikin kansa ya fi ƙarfin abin da garin zai iya ba shi, ko ta wajen kuɗi ko ta wajen makaɗa. A farkon 1908 ya tashi. Ya taɓa zama a Faris, ya bi ta Munich da Dresden da Prague, kafin shekara ta ƙare ya sauka a Leipzig, birnin da Johann Sebastian Bach ya yi aikin majami'a daga 1723 har mutuwarsa a 1750. Mai kiɗan majami'a da yake so duniya ta ji shi ba shi da dandalin da ya fi wannan.

Abin da ya tafi da shi a jaka shi ne babban aikinsa, oratoriyo a kan aiken Annabi Yunusa, wanda tsofaffinmu masu tsohon juyi suke kira Yunana. Oratoriyo labari ne, galibi daga Littafi Mai Tsarki, da ake bayarwa da waƙa daga farko har ƙarshe. Ba a sa kayan wasa, ba a yin kwaikwayo, kowa yana tsaye a wurinsa. Mutum ɗaya ya rera maganar annabi, wani ya rera maganar Ubangiji, ƙungiyar mawaƙa kuma wani lokaci su zama matuƙan jirgi, wani lokaci mutanen Nineba. Na Tobias kashi biyar ne, yana ɗaukar kusan awa biyu. Yana bukatar masu rerawa su kaɗai, da babbar ƙungiyar mawaƙa, da ƙungiyar yara, da cikakken taron makaɗa, da ogan a kan wannan duka. Shi da kansa ya harhaɗa kalmomin daga wurare dabam dabam na Littafi Mai Tsarki. Bai tsaya inda Littafin Yunusa ya tsaya ba, wurin annabi mai fushi saboda tsiron da ya bushe. Ya ja labarin har zuwa maganar Yesu a Matiyu sura 12, inda ya kwatanta kwana uku na Yunusa a cikin kifi da nasa a kabari.

Na saurare shi a waya, dare biyu, a kwatas ɗin malamai, bayan an kashe fitilar ɗakunan kwanan ɗalibai. Ba na jin Jamusanci, amma labarin Yunusa ba ya bukatar tafinta ga wanda ya yi makarantar Lahadi. Hadarin teku ba ya ɓuya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda muryoyi suke shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da hanyarta, har ka ce za su sarƙe, sa'an nan su haɗu a wuri guda kamar an auna da igiya. A kashin da ake kira Sanctus, watau waƙar tsarkin Allah, na ajiye jan biro da littattafan da nake dubawa. Gaskiya kuma akwai wuraren da na ga abin ya yi nauyi, kamar mai tuwo da ta zuba gari fiye da ruwan tukunya. Mutum ne da ya daɗe yana jira, da ya sami dama sai ya so ya faɗi kome a zama ɗaya.

Ran 26 ga Nuwamba 1909 aka fara yin wannan waƙa a majami'ar Andarawus ta Leipzig, shi da kansa yana gaba yana ba da hannu. Abin bai yi kyau ba. Kuɗi ba su isa ba, mawaƙa da makaɗa ba su kai yadda aikin yake bukata ba, ba a kuma yi gwajin da ya isa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mawaƙa a ranar gasa, ya ɗaga hannu, ya ji murya ta huɗu ta shigo a makare ta ja sauran ƙasa, ya san irin zufar da take karyo wa mutum. To, namu minti biyar ne, mu sauka mu sha ruwa, baɗi mu sake. Nasa kuwa aikin shekaru ne, a ƙasar baƙi, a gaban masu rubutu a jarida. Jama'a ba sa ganin takarda, abin da ya shiga kunnensu shi ne waƙar. In mawaƙa suka ɓata, mai tsarawa ake zargi. Tobias bai ƙara jin oratoriyonsa cikakke ba har ya mutu.

A 1910 ya koma Barlin. Ya ci gaba da kaɗa ogan da rubutu a jaridu, daga 1912 kuma ya fara koyarwa a babbar makarantar kiɗa ta birnin. A watan Agusta 1913 ya zo Tallinn wurin bikin buɗe babban gidan wasa da kiɗa da Estoniyawa suka gina, ya jagoranci waɗansu ayyukansa a gaban mutanensa. A 1914 ya zama ɗan ƙasar Jamus. A shekarar ce kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Jamus da Rasha suka zama abokan gaba, aka ɗauke shi soja ya yi aikin tafinta. A 1916 aka sallame shi saboda rashin lafiya, ya koma aji. Ciwon huhu ya kashe shi ran 29 ga Oktoba 1918, saura kwana 13 a tsagaita wuta. Shekararsa 45, watau tsarana ne. Wata takwas kafin nan, ran 24 ga Fabrairu, Estoniya ta yi shelar 'yancinta, amma bai taka ƙasar tana mai 'yanci ba.

Da na ba 'yan aji shida wannan labari, wata yarinya ta ce, "Malam, ashe shi ma Yunusa ne. An aike shi wurin mutanensa, ya shiga jirgi ya nufi Tarshish." Tambaya ce mai kyau, ban kuwa raina ta ba. Ga mutum ya bar ƙasarsa a lokacin da take neman masu ilimi ido rufe, ya kai babban aikinsa ƙasar waje da harshen waɗanda suka mallake kakanninsa, a ƙarshe ma ya karɓi takardar zama ɗan ƙasarsu. Mu ma muna da wannan ciwo. Kowace shekara muna yaye yara masu kai, bayan shekara goma mu ji suna Ingila ko Kanada. Duk da haka ban yarda da hukuncin yarinyar ba. Yunusa ya guje wa aikin da aka ba shi. Tobias bin aikin ya yi zuwa inda yake tsammani za a iya yinsa. Da ya zauna a Tartu da ya zama malamin kiɗa nagari, ba kuwa ƙaramin abu ba ne, ni ma shi nake nema in zama. Amma ban ga wanda zai rera masa Yunusa a can a 1909 ba. Abin baƙin cikin shi ne, can ɗin ma da ya je bai sami waɗanda za su rera ta yadda ya kamata ba.

Bayan mutuwarsa abubuwa suka ƙara tsananta. A 1930 gwamnatin Sobiyet ta rufe majami'ar Yohanna ta Petersburg, aka rushe hasumiyarta, sai a 2011 aka sake buɗe ta bayan gyara. A 1940 Sobiyet ta mamaye Estoniya, a 1941 Jamus ta kore ta, a 1944 ta komo ta zauna kusan shekara 50. A cikin yaƙin 1941 majami'ar Käina ta ƙone, ogan ɗin da Johannes Tobias ya ƙera ya tafi tare da ita. Gwamnatin da ta kafu kuwa ba ta yarda da addini ba, ba ta da sha'awar a tara ɗaruruwan mutane su rera labarin annabi da tuban Nineba. Mai waƙar ya mutu, kayan kiɗan ya ƙone, majami'a a rufe, hukuma ba ta so. In da a ka kawai waƙar take, da ta tafi ke nan.

Amma a rubuce take, kowace murya da kowane abin kiɗa da layinsa. Wani makaɗin piyano mai binciken tarihin kiɗa, Vardo Rumessen, wanda aka haifa a 1942, shekara 24 bayan mutuwar Tobias, ya shafe shekaru yana bin takardun, yana gwama wannan da wancan, har ya mai da aikin yadda za a iya yinsa. A watan Mayu 1989 aka rera oratoriyon cikakke a Tallinn, Peeter Lilje yana ba da hannu, shekara 80 bayan abin da ya faru a Leipzig. Lokacin ya dace ƙwarai. Tun 1988 Estoniyawa suke taruwa dubbai dubbai a filin waƙa suna rera waƙoƙin ƙasarsu a gaban idon hukuma, har aka sa wa abin suna juyin juya hali na waƙa. A watan Agusta 1991 suka sake samun 'yanci. A 1995 Neeme Järvi ya jagoranci ɗaukar oratoriyon a faifai, wanda na ji a wayata ke nan.

A ƙauyenmu akwai wani tsoho da kowa yake kira Baba Mai Waƙa. Bai wuce aji huɗu na firamare ba, amma yakan tsara waƙa murya huɗu, da Hausa da harshenmu. Yakan koya wa kowace murya tata da baki, a gindin mangwaron nan, har ta zauna. Wani lokaci ya rubuta do, re, mi a allo da alli, washegari mai bishara ya share domin ajin karatu. Sau da yawa mun ciyo gasar gunduma da waƙoƙinsa. Ya rasu ina kwalejin horon malamai. Da na je gida bara na zauna da waɗanda suka rage daga mawaƙansa, muka yi ta tuno. Waƙa huɗu muka iya haɗawa, su ma murya ta ɗaya kawai. Zumuntar mata har yanzu suna yin guda ɗaya da ganga da kacau-kacau, amma sauran muryoyi ukun babu mai su, matasa kuma ba su ma san waƙar tana da mai ita ba. Ba ina gwada Baba da Tobias wajen ilimi ba ne. Bambancin da ya dame ni shi ne, ɗaya an iya komo masa bayan shekara 80, ɗaya kuwa shekara 20 ta isa ta share shi.

Za ku ce ai yanzu akwai waya, kowa yana ɗauka. Ina da waƙoƙin gasar shekara uku a wata waya da ta faɗa ruwan wanki. Ko wadda ta tsira ma, in ka saurara, murya ta ɗaya da ganga ne suke danne sauran, ba za ka iya koya wa murya ta uku tata daga ciki ba. Saboda haka tun zangon da ya wuce ƙungiyar mawaƙanmu tana da babban littafi mai bango mai ƙarfi, yana ajiye a laburare. Duk waƙar da ɗalibi ko malami ya tsara, sai an rubuta ta a ciki da do, re, mi, murya huɗu duka, da sunan mai ita da shekara, kafin a rera ta a sujada. Yara sun yi gunaguni da farko, yanzu kuwa har rige-rige suke yi, don kowa yana son ganin sunansa. Ina roƙon iyaye da tsofaffin ɗalibai masu karanta wannan mujalla, in akwai irin Baba Mai Waƙa a ikilisiyarku, ku tura mana yaranmu wurinsa da hutu, da littafi da fensir. 'Yan ƙungiyar daga aji huɗu zuwa sama duk sun iya rubutawa.

Tobias ya bar matarsa da ciki. A watan Yuni 1919 aka haifi 'yarsa Helen a Estoniya, ba ta taɓa ganin ubanta ba. Ta girma ta karanci ogan da tsara kiɗa a Tallinn, Artur Kapp yana cikin malamanta, daga baya ta zauna a Amurka tana wannan aiki har ta rasu a 2010. Shi kuwa a Barlin aka binne shi, ya yi shekara 73 da 'yan watanni a can. A watan Yuni 1992, ƙasa da shekara guda bayan komowar 'yanci, aka ɗauko ƙasusuwansa aka sake binne su a Kullamaa, inda mahaifinsa ya yi aikin köster. Gidan da aka haife shi a Selja yana nan, an mai da shi gidan tarihi. Majami'ar Käina kuwa ba a sake yi mata rufi ba, bangonta na dutse ne kawai a tsaye.